Tsirkiya da Hannun da Ke Taɓa Ta

Mutanen Gaya na lokacin da nake tasowa suna da wani irin kunne da yanzu ya yi wuyar samu. In aka kamo gidan rediyon Kano ko na Kaduna da hantsi, aka saki kiɗan gurmi, kafin mai waƙar ya buɗe baki sai ka ji wani a rumfar tela ya ce Haruna Uje ne, na kusa da shi ya ce ina, wannan taɓin na Musa Gumel ne. Suna cikin musu murya za ta shigo ta raba gardama. Haka ake yi da kukumar Garba Supa da ta Hassan Wayam. Babu wanda ya koya musu, yawancinsu ma in ka miƙa musu gurmin cewa za su yi Allah ya kiyaye, su ba maroƙa ba ne. Duk da haka sun san hannu, sun kuma san muryar abin da ke hannun.

Dalilin ba shi da nisa. Kayan kiɗanmu na tsirkiya babu biyu da suka fito iri ɗaya. Mai gurmi shi ke zaɓen ƙwaryarsa, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya kasa kunne, ya ajiye wannan ya ɗauki waccan. Mai goge fatar guza yake rufe bakin ƙwarya da ita, tsirkiyarsa izgar doki ce, yana goga mata ƙaro don ta kama. Garayar mafarauta itace ake fafewa a rufe da fata, a maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a kan sandar, yadda kowane bugu zai taho da kacau-kacau a bayansa. Kuntigin Ɗan Maraya Jos kuwa gwangwanin kifi ne da fatar akuya da tsirkiya guda tal. Kaurin ƙwarya, tsufan fata, inda aka zaunar da ɗan itacen da ke tallafe tsirkiya, kowanne yana da ta cewa. Har yanayi yana sa baki. Da hunturu fata ta ɗame, murya ta hau sama ta yi kaifi. Da damina ta saki, sai ka ga makaɗi ya kai ƙwaryar kusa da garwashi yana jujjuya ta, yana ɗan dannawa da babban yatsa, har ta dawo inda yake so.

Gardamar da ke ƙarƙashin wannan duka tsohuwa ce: daɗin kiɗa a hannu yake ko a kaya? Ba a rumfunan Gaya kaɗai ake yin ta ba. Inda ta fi zafi a duniyar yau shi ne tsakanin masu kiɗan buluz da jitar lantarki, inda mutum zai sayar da mota ya sayi jita saboda wani amo da ya ji a faifan da aka ɗauka kafin a haife shi.

Buluz kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, jikokin bayin da aka kwasa daga wannan nahiya, kuma a gonakin auduga na Misisifi ya yi jijiya a farkon ƙarni na 20. Masani Gerhard Kubik, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya kafa hujja cewa yadda mai buluz ke lanƙwasa murya, yana zaune shi kaɗai da abin tsirkiyarsa, ya fi kama da kiɗan yankinmu na sahel fiye da na bakin teku mai tarin ganguna. Har ya gwama wani tsohon faifan buluz da kiɗan wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru a shekarun 1960. Masana ba su taru a kan maganarsa ba, amma wanda ya tashi da goge a kunne zai ji ƙamshin gaskiya a ciki. Lantarki ya shigo ne ta hanyar larura. Muddy Waters ya bar Misisifi a 1943 ya tafi Shikago, ya tarar jitar katako ba ta ratsa hayaniyar gidajen rawa na birni, sai ya koma ta wuta.

Jitar lantarki ba ta da ƙwarya. Yawancinsu katako ne curi guda, in ka kaɗa ba a jona ba da ƙyar na gefenka zai ji. Aikin da ƙwarya da fata ke yi a gurmi, wani ɗan abu ne ke yin sa a ƙarƙashin tsirkiyoyi: maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a samansa sai 'yar wuta ta tashi a cikin naɗin, ta bi waya zuwa amfilifaya, ta fito a lasifika. Mu kira shi maɗauki. Ƙarfe kaɗai yake ji. Ka shimfiɗa masa izgar goge, ko zaren fatsa irin na masuntan Wudil da masu gurmi suka koma ɗaurawa, ka yi ta kaɗawa har gobe, uffan ba zai ce ba. Abin yakan ba ni dariya in na tuna tarihin baka ya ce Abagayawa, maƙeran da suka sauka gindin Dala suna neman tama, daga Gaya suka tashi. Garin ƙarfe ne tun asali, amma kiɗansa na gashi ne da fata.

Gidaje biyu suka raba wannan kasuwa. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a Fullerton ta jihar Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba, kuma tunanin mai gyara ya yi: a ɗaure wuyan jita da sukurori huɗu, in ya lalace a kwance a sa wani. Telecaster ta fito a farkon shekarun 1950, Stratocaster ta biyo a 1954 da maɗaukai uku, kowanne naɗi guda. Muryarsu siririya ce mai haske, kowane taɓi yana fita shi kaɗai, har kana jin inda farce ya sauka. Aibinsu kwashe-kwashe: maɗauki mai naɗi guda yana ɗauko gunjin wutar gida da na fitila da na taransifoma ya juye a lasifika. Gibson kuma, tsohon kamfani ne a Kalamazoo, ya fito da Les Paul a 1952, katako mai nauyi, wuya manne da gam. Wani injiniyansu, Seth Lover, ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna don gunjin wannan ya kashe na wancan, aka fara sa shi a Les Paul a 1957. Gunji ya tafi, amma ya tafi da wani kaso na hasken murya. Abin da ya rage murya ce mai kauri da nauyi, wadda in ka taɓa sau ɗaya takan daɗe tana ja kafin ta mutu. Sai tsawon tsirkiya: na Fender inci 25.5, na Gibson inci 24.75. Tazarar ba ta kai inci guda ba, amma yatsa ya san da ita. Doguwar ta fi ɗamewa, tana turjiya a ƙarƙashin hannu. Gajeruwar ta fi laushi, ta fi sauƙin turawa gefe a sa ta kuka.

Wanda ya fi nuna abin a fili Bature ne ɗan Ingila, Eric Clapton. A faifan da ya yi da John Mayall a 1966, Les Paul ya jona a amfilifayar Marshall ya murɗe ta sosai. Abin da ya fito gurnani ne mai maiƙo. Taɓi ɗaya zai miƙe ya yi ta tafiya, shi kuwa yana girgiza shi da yatsa, ba ya gaggawar zuwa na gaba. A cikin shekarar aka sace jitar. Zuwa 1970 ya koma Stratocaster, da ita ya yi faifan Layla. Saurari biyun a jere. Mutum ɗaya ne, shekara huɗu tsakani, ba za ka ɓata shi ba. Amma jimlolinsa sun gajarce. Tunda sabuwar jitar ba ta riƙe masa amo da tsawo, dole ya cike gurbin da ƙarin taɓi, yana cizon tsirkiya yana saki. Sauyin bai tsaya a murya ba, ya shiga har cikin abin da yake faɗa. A shekarar ce kuma ya sayi tsofaffin Stratocaster a wani shago a Nashville, kowace kimanin dala 100, ya rabar da uku ga abokai, ya wargaza uku ya haɗa guda daga cikinsu, wuyan wannan da jikin waccan. Ita ce Blackie, wadda aka yi gwanjonta a 2004 a kan dala 959,500. Mai gurmin da ke ƙwanƙwasa ƙore a kasuwa zai fahimci duk abin da ya yi, in ban da kuɗin.

Masu cewa hannu ne komai da B.B. King suke kafa hujja. A hunturun 1949 yana wasa a wani ɗakin rawa a ƙauyen Twist na jihar Arkansas, an kunna kananzir a cikin durom ana jin ɗumi, sai wasu maza biyu suka kaure da faɗa suka ture durom ɗin. Kowa ya yi ta kansa. Sai da ya fita ya tuna jitarsa ta dala 30 tana ciki, ya kutsa cikin wuta ya ɗauko ta. Daga baya ya ji a kan wata mace mai suna Lucille aka yi faɗan, sai ya raɗa wa jitar sunan don ya riƙa tuna wautar da ya yi. Tun daga nan duk jitar da ya riƙe Lucille ce, kuma ya riƙe iri-iri, manya da ƙanana, har da ta Fender a shekarunsa na farko. A dukkansu taɓi ɗaya ya isa a ce shi ne, saboda yadda yake kafa yatsa guda ya kaɗa wuyan hannu gaba ɗaya, amo ya yi ta karkarwa. Bai cika haɗa tsirkiyoyi da yawa a bugu guda ba, ba ya kuma kiɗa yana waƙa: in ya yi magana jita ta saurara, in ya yi shiru ta amsa. Ya rasu a watan Mayun 2015, Ɗan Maraya ya bi shi a watan Yuni, kuma ban san wasu biyu da suka fi su iya ciyar da taro da layin amo guda ba.

Amma ko shi bai raina kaya ba. Ya daɗe a kan Gibson ES-355 mai ɗan rami a ciki, ramin kuwa yana jawo kukan lasifika, ƙarar nan mai tsinka kunne da ke tashi a wajen wa'azi in makirufo ya matso kusa. Sai ya riƙa cusa tsumma a ƙofofin ramin. Da Gibson suka tashi ƙera masa tasa a 1980, babu ƙofofin sam aka yi ta. Wanda ya yarda hannu ne komai ba zai sha wannan wahala ba.

Albert King bahago ne. Ya ɗauki Gibson Flying V ta masu dama ya kifa ta, bai sauya jerin tsirkiyoyi ba, sai siririyar ta koma sama. Inda kowa ke tura tsirkiya sama da yatsa, shi janyo ta ƙasa yake yi, hannu kuwa ya fi ƙarfi wajen ja. Don haka yakan kai amo nesa da inda ya tashi, ya dawo da shi a hankali, yana ratsa 'yan muryoyin da ke tsakanin mataki da mataki. Waɗannan muryoyin na tsakani su ne gidan mai goge, tunda sandarsa ba ta da matakan ƙarfen jita da ke yanka amo gida-gida. Stevie Ray Vaughan na Texas ya haddace salon Albert tsaf, sai dai a Stratocaster yake yi, da tsirkiyoyi masu kauri ƙwarai. A ƙarshen 1983 aka zaunar da su tare a wani gidan talabijin a Kanada, hoton yana nan har yau. Jimla ɗaya za su yi bi da bi. Ta dattijon ta fito a dunƙule, ba garaje. Ta yaron ta fito da tartsatsi, kana jin ƙarfe yana dukan ƙarfe.

An kuma yi gwajin ta ɗaya fuskar, jita guda a hannu uku. Les Paul ɗin 1959 ta Peter Green maganaɗisun maɗaukinta ɗaya a juye yake, sai ya zama in an buɗe maɗaukan biyu tare suna cinye wani sashe na amon juna, murya ta fito ta hanci, abin da ba a san Les Paul da shi ba. Green ya sayar wa Gary Moore, a 2014 ta koma hannun Kirk Hammett na ƙungiyar Metallica. Muryar hancin tana nan a wajen duk ukun, amma babu mai jin Moore da zafin hannunsa ya ce Green ne, mai taɓawa a hankali yana barin fili.

A ganina ɓangarorin biyu sun tsaya a rabin hanya. Uwar gida guda za ta tuƙa tuwo yau a tukunyar ƙasa, gobe a ta dalma. Ɗan gidan zai gane hannun uwarsa a duka biyun, zai kuma gane tukunyar. Abin da ba ya gani shi ne ita ta san ta dalma saurin kamu gare ta, don haka tana janye itace, tana yawaita juyi. Tukunyar ta shiga cikin hannun. Haka jita take yi wa makaɗi, tana ba shi wani abu ta hana shi wani, shi kuma ya gina salonsa a kan abin da aka hana shi.

Ni dai ba ta Amurka jitar lantarki ta fara shigo mini kunne ba, ta arewa ta biyo. Bayan farin 1973 da na 1984 Abzinawa sun kwararo ƙasar Kano, da yawansu suka kama aikin gadi. Akwai wani dattijo cikinsu da ke gadin wani sito kusa da tasha a Gaya. Da yamma zai hura gawayi a ɗan murhun waya, ya ɗora 'yar butar shayi, ya ɗauko baturan da ya shanya a rana ya zuba a rikoda. Kaset ɗin an kwafe shi daga kwafi har ya dushe, tafi da guɗa sun fi komai fitowa, amma a ƙarƙashinsu akwai wata tsirkiya mai kauri da ba ta daina gunji, da wata siririya tana zagaya ta.

"Baba, wannan wace irin garaya ce?" na tambaye shi.

Sai da ya ɗaga butar sama ya tsiyaya shayi a ɗan kofi, ya mayar, sannan ya ce, "Jita ce, yaro. Yaranmu ne da ke Libiya."

Irin waɗannan kasusuwan ne suka haifi abin da Turawa daga baya suka kira buluz na hamada. Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya kafa Tinariwen da abokansa a Tamanrasset ta Aljeriya wajen 1979, jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta. A 2012 ƙungiyar ta ci kyautar Grammy. Kafin su akwai Ali Farka Touré na Niafunké a Mali, wanda aka haifa a 1939. Da abin tsirkiya guda ya fara, da ɗan gogen ƙasarsu, kafin ya ga jita a hannun Fodéba Keïta na Gini a 1956. Da ya ji faifan mai buluz John Lee Hooker daga baya bai ɗauke shi baƙo ba, a ganinsa kayan gida ne suka je suka dawo. Babban yatsa yana riƙe ƙasa, manuniya tana yawo a sama: taɓin molo ne aka ɗora wa tsirkiya shida.

Me ya sa jita ta kama a can? Gogen Abzinawa, imzad, na mata ne. Molonsu mai tsirkiya uku, tahardant, na maƙera ne da maroƙa. Ɗan makiyayi ko ɗan babban gida ba ya taɓa ko ɗaya. Jita kuwa ba ta kowa ba ce, babu gado a kanta, babu mai ce maka ka zubar da girman gidanku. Samarin da fari da zaman banza suka kora Aljeriya da Libiya suka same ta a sake suka ɗauka, suka zuba mata kukansu. Ta yi ƙarfin da a tawayen 2007 hukuma a Nijar ta hana Abzinawa kaɗa ta, makaɗin jita Bombino ya gudu Burkina Faso, sai a farkon 2010 ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas. Faifansa Agadez na 2011 amonsa a wanke yake. Nomad na 2013, da Dan Auerbach ya ɗauka a Nashville, ya fito da ƙura da kauri. Saurin yatsun bai sauya ba.

Wanda labarinsa ya fi shafar mu shi ne Mdou Moctar. Shi ma bahago ne, shi ma da wayar birkin keke ya fara, bayan ya ga wasan makaɗin jita Abdallah Oumbadougou, iyayensa kuma ba sa so. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da gangar inji da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin fina-finanmu. Wato ya zo gidanmu, mun ba shi abin da muke da shi. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta bulutut da memori, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya ya sa a tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar. Yau farar Stratocaster yake riƙewa, kuma zaɓin ya dace da hannunsa. Da manuniya yake kaɗawa, sama da ƙasa, da gudun da in a jita mai kaurin murya ne sai taɓin ya cakuɗe ya zama gunji guda. Siririyar muryar Fender ce ke barin kowace ƙwaya ta fita. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya rutsa da shi da mutanensa a Amurka, hanyar gida ta toshe, sai suka shiga sutudiyo suka sake ɗaukar waƙoƙin faifansu Funeral for Justice da jitar katako. Na lantarkin ya fito a 2024, na katakon, Tears of Injustice, a 2025. Waƙoƙi ɗaya, mutane ɗaya. A na farko fushi ake ji, a na biyu makoki.

Mu ma mun sami abin kiɗan da ba na kowa ba, sai dai ba jita ba ce. A arewacin Najeriya jita ta iso da mai ita: ta otal ce, ta Sabon Gari, ta bariki, ta coci. Bala Miller ya yi waƙoƙin Hausa da jita da kayan busa a Kaduna, an ji daɗinsu, Sa'adu Bori na Maraɗi ya cika Kano da kasusuwansa, an yi rawa, amma ban ga uban da zai bar ɗansa a Gaya ko Ajingi ya rataya ta ba. Goge da garaya kuma sunan bori ya riga ya bi su, malamai sun daɗe suna suka. Sai ga fiyanon Yamaha ya shigo sutudiyoyin Kano a shekarun 1990 tare da fina-finan bidiyo. A kan tebur yake, a cikin ɗaki, ana danna shi a zaune. Mai danna shi ba maroƙi ba ne, ma'aikaci ne. Zuwa lokacin fim ɗin Sangaya, wajen shekarar 2000, magana ta ƙare: sarewa, ganga, goge, duk suna cikin maɓalli.

Ba zan zagi fiyano ba. Ya ciyar da samari da yawa, ya buɗe ƙofa ga wanda asalinsa ya hana shi kiɗa, ya kai waƙar Hausa Gana da Sudan da Kamaru. Akwai kuma masu danna shi da gwaninta ta gaske. Amma amon da ke bayan maɓalli an riga an dafa shi a Japan, iri ɗaya ne a Kano da Kaduna da Yamai, ba ruwansa da hunturu ko damina. Ɗan abin da hannu ya ƙara, na jinkiri ko na gaggawa, kwamfuta takan bi ta daidaita shi. Lantarki ya je Agadas ya ƙara wa hannu murya, ya zo mana ya ɓoye shi. Shi ya sa yaro a yau zai gane Nura M. Inuwa ko Hamisu Breaker da zarar sun buɗe baki, amma kafin su buɗe ba shi da abin kamawa, kuma ba zai san wanda ya yi kiɗan ba sai in mawaƙin ya ambace shi a ciki. Ga kuma lasifikar waya, wadda da ita ake jin kusan komai yanzu. Ba ta iya fitar da amon ƙasa, don haka kaurin Gibson da nauyin babbar ƙwarya a hanya suke zubewa. Siririn amo mai kaifi ne ke tsira, kuma ina zargin wannan na cikin abin da ya taimaki jitar Agadas ta ratsa sahara a cikin aljihu.

Inda abin bai mutu ba shi ne wajen mafarauta da 'yan tauri, su da ba su taɓa damuwa da abin da za a ce ba. A wani taronsu a wani ƙauye ta wajen Ajingi na ga an ɗaure makirufo da roba a jikin garaya, an jona a tsohuwar amfilifaya da lasifika mai bakin ƙaho, janareta yana ta faman tari a bayan rumfa. Amon da ya fito a fashe yake, ɗan ƙarfen mai zobba ya zama tsawa, kuma ya fi kusa da faifan Shikago na shekarun 1950 fiye da duk abin da na ji daga sutudiyon Kano. Na zuba wa hannun mai garayar ido. Ya rage bugu, yana barin kowanne ya gama ƙararsa. In lasifika ta fara kuka sai ya juya mata baya, ya danne fatar da gefen tafin hannu. Babu wanda ya ba shi labarin tsumman B.B. King.

Can ya ɗaga kai ya daka wa yaron da ke kan amfilifaya tsawa: "Kai ɗan nan, rage mata ƙasa, tana shaƙe ni!" Yaron ya murɗa, ya ce, "Baba, haka ya yi?" Bai amsa ba, ya ci gaba da kiɗa. Mai janareta kuma ya leƙo ya ce a yi a gama, mai ya kusa ƙarewa, kuma masu DJ na jiran layi.